Gatarin Da Ke Sare Ɗorawa Ba A Ƙauye Ake Wasa Shi Ba

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin Malamanmu na yankin Gwarzo ya gabatar a wajen zaman ƙara wa juna sani na matasa, wanda ya haɗa 'yan uwa na Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wakilinmu ne ya naɗo, ya kuma rubuto mana. A sha karatu lafiya.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya zaunar da mu a bayan ƙasa, ya sanya abincinmu a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka 'yan uwa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne manomi da daji. Na san lokacin da aka faɗi maudu'in, akwai waɗanda suka ce a ransu, mu da muka niƙo gari muka zo jin maganar addini, sai a kawo mana maganar itace? To a yi haƙuri a saurara. In Allah ya so kafin mu tashi za a ga cewa maganar itacen nan maganar adalci ce da zalunci, kuma ba wata magana addini ya zo da ita da ta wuce wannan bayan tauhidi.

Duk wanda ya taso daga Kano ta Rijiyar Zaki, ya wuce Janguza da Rimin Gado ya nufo nan, ya san abin da yake gani a bakin titi. Ga itace an faskara an jera, ga buhunan gawayi an tsayar kamar masu jiran mota. Kuma da ma motar suke jira. In ka zauna da dattawan Getso ko Garo ko Kutama ko Lakwaya, za su nuna maka fili fetal su ce nan da duhuwa ce, yaro ba ya shiga shi kaɗai. Wannan ba wanda yake musu a kai. Inda ake saɓani shi ne, wane ne ya yi wannan aiki? Amsar da aka saba ba mu a rediyo ita ce, mutumin ƙauye ne, jahili ne, bai san amfanin bishiya ba, sai an wayar masa da kai. Shi ya sa duk shekara in damina ta faɗi za ka ga an kafa rumfa, an zo da motoci, babban mutum ya tsuguna da babbar riga ya dasa darbejiya guda, an ba shi buta ya zuba ruwa, an ɗauki hoto, an watse. Kafin Sallah akuya ta yi kalaci da ita.

To bari in ba ku labarin jahilin nan da ake faɗa, don ni a gidansa na tashi. A daminar 1984, bayan farin 1983 ya bar mana rumbu wayam, ina yaro ɗan shekara goma sha biyu, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayar da ɗorawar da ke tsakiyar gonarmu. Kakansa ya tarar da ita a nan. Masu itace suka zo su uku, kwana biyu suna sara kafin ta faɗi. Kuɗin da aka ba shi ya auno mana dawa, kuma dawar nan ba ta kai mu kaka ba. Mahaifiyata ba ta ce masa uffan ba, amma daga wannan shekara kalwar da take daddawa da ita sai ta koma saye a kasuwa, bayan shekara biyu jarin ya karye, ta bar sana'ar. Shi kuwa har ya koma ga Allah, in za mu gona, sai ya zagaya ta gefen kan iyaka don kada ya bi ta kan kututturen. Wannan mutum kuke so wani ya zo daga ofis ya koya masa amfanin ɗorawa? Wallahi ya fi mai koyarwar sani. Abin da ya sa ya sare ta, ya dubi 'ya'yansa ne ya dubi bishiya, ya zaɓi 'ya'yansa. Ni ma da ni ne haka zan yi, ku ma haka.

Ku da kuka tashi zamanin magi, wataƙila ba ku san me bishiyar gona take ba a cikin gidan talaka. Ɗorawa tana nuna ne da bazara, daidai lokacin da hatsi ya fara ja baya a rumbu. A sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, a yi makuba da ɓawonta a shafe katanga ko a yi daɓe. Kaɗanya tana zubo da 'ya'ya da farkon damina, mai noma ya tsinta ya kashe yunwa yana bakin aiki, mata su tara ƙwallon su yi man kaɗe. Kuka ita ce miyar shekara. Tsamiya ta kunu ce, bagaruwa ta majema ce. Gawo kuwa, wanda Bahaushe yake cewa ya ƙi ruwan Allah, yana kakkaɓe ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ku duba dawar da ke ƙarƙashin gawo ku duba ta nesa da shi, ba sai an kawo muku malamin gona ba. Hatta allon da muka yi karatu da shi, da itacen aduwa ake sassaƙa shi. To ku lura da wani abu a nan. Mafi yawan wannan amfani hannun mata yake shiga, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Amma ranar da aka sayar da bishiyar, kuɗin dunƙule ne, sau ɗaya, kuma aljihun maigida yake shiga. Ku masu shirin aure ku riƙe wannan.

Maganar cewa manomin ƙasar Kano maƙiyin bishiya ne, su kansu masu binciken boko sun ƙaryata ta. Akwai wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta yake kan wannan titi namu na Gwarzo. Shi da wasu abokan aikinsa sun yi bincike a kan itacen girki a Kano, aka buga shi a 1990. Sun ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1972 da na 1981, suka ƙirga bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birni. Kowa ya zaci za a tarar an share su, tunda nan ne jama'a suka fi cunkoso, ga birni yana neman itace, ga kuma babban farin da aka yi a tsakanin shekarun. Sai aka tarar ba su ragu ba. Ƙari a kan haka, gonakin da ke kusa da birni, inda kowane taƙi yake da mai shi, sun fi na nesa yawan itatuwa. Itacen da birni yake ƙonawa kuwa, mafi yawansa ya koma zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa.

Kun ga abin mamaki ko? Inda mutane suka fi yawa nan bishiya ta tsira, inda ba kowa nan aka cinye ta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Bishiyar gona tana da uba. Mai ita ya san in ya bar ta, shi zai ci, ɗansa zai gada. Reshe yake sassarewa ya bar uwar. Amma dajin da aka ce na hukuma ne, wa zai bari don wa? In na bari yau, gobe mai mota zai zo da takarda ya kwashe.

Kuma yadda daji ya zama marar uba yana da tarihi. Kafin zuwan Turawa kowane gari yana da huruminsa da makiyayarsa da burtalinsa, jama'a sun san iyakarsu, Mai unguwa da Dagaci da Limami sun san wanda ya ƙetare. Da Nasara suka ci ƙasar nan, a 1916 zamanin Lugga suka yi dokar daji, aka shiga yanke wurare ana cewa gandun daji ne, aka sa En'e ta tsare, aka naɗa malaman daji. Mutumin da kakanninsa suke shiga wuri su samo itace da magani da zuma, ya wayi gari in ya shiga ɓarawo ne. Aka zo 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi dokar mallakar ƙasa, ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna, shi ke riƙe da ita a madadin jama'a. In an karɓi gonarka don abin da aka kira amfanin jama'a, diyyar abin da ke kanta za a ba ka, ban da ita ƙasar. To wanda aka raba shi da abu da ƙarfin doka, kada a yi mamaki in ya daina kishinsa. Ku dubi Falgore a kudancin jihar nan, ku dubi Rugu a Katsina. An hana talaka shiga da gatari, amma shekaru suka zo da ɓarayin shanu da masu bindiga suka mai da su gida. Dajin Dansoshiya da ke nan Ƙiru maƙwabtanmu, a 2020 gwamnati ta buɗe matsugunin makiyaya a cikinsa. Ko ka yarda da shirin ko ba ka yarda ba, abin da nake so ka gani shi ne, daga sama ake yanke abin da za a yi da daji, na kusa da shi sai dai ya ji a rediyo.

To amma 'yan uwa, binciken can da na ambata ya kwana biyu. Yau ita ma bishiyar gonar, mai uban, ta shiga uku, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar mani da hankali. Me ya canza?

A ƙidayar 2006 an ce Ƙaramar Hukumar Gwarzo tana da mutum sama da dubu 180, Kabo sama da dubu 150. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar, ga su nan zaune a gabana da gemu. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha suke rabo. Wanda gadonsa bai wuce kunya ashirin ba, in akwai ɗorawa a ciki, inuwarta kawai yake gani, don ta cinye masa kunya uku. Saurar da ake bari ƙasa ta huta babu ita. Ƙasa ta gaji, ba ta bayarwa sai da takin zamani. Takin nan kuwa, buhun da gwamnati ta sayar Naira 5,500 a 2017, a 2024 ya haura Naira dubu 30. Ka zo watan Yuli, masara ta yi rawaya tana neman taki, yaro yana kwance da zazzaɓi, matar gida ta ce awo ya ƙare. Ba banki, ba mai ba ka rance sai mai cewa in kaka ta yi ka biya shi buhu a farashin da ya ga dama. Sai ga mai injin yankan itace ya tsaya a bakin gona da babur, ya ɗaga kai ya dubi ɗorawa, ya ce, Baba nawa za ka sayar? Kuɗi a hannu. Abin da aka yi kwana biyu ana sara a zamanin mahaifina, yau kafin a kira Azahar an gama an loda.

Shi kuma mai injin wa ya aiko shi? Birni. Kananzir da talakan birni yake girki da shi, tun 2016 aka janye masa tallafi, ya fi ƙarfin kowa. Aka ce a koma gas, shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da take ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, komai ya bi ta. Sai gidajen da suka manta da hayaƙi suka sayo kurfoti suka koma gawayi. Ga gidajen burodi, ga masu tsire da balangu, ga masu abincin sayarwa, ga makarantun kwana, kowa wuta yake hurawa. Gawayi kuwa mugun ci gare shi, kafin a sami buhu guda sai an ƙone itacen da ya ninka shi nauyi sau biyar ko fiye. Marke da ƙirya, masu gawayi mai kyau, su aka fara gamawa da su, sannan aka juyo kan masu 'ya'ya. Shi ya sa nake cewa gatarin nan a ƙauye yake sara, amma ba a ƙauye ake wasa shi ba. Wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya sa hannu a takardar farashi, bai taɓa riƙe gatari ba, amma ya fi kowa sare itace.

A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana amfani da injin yankan itace sai da izini, ta sa tara. Ban ce kada a yi doka ba. Amma in ka kama hannun mai sara, ka bar yunwar mai sayarwa da buƙatar mai saye yadda suke, abin da ka yi kawai shi ne ka ƙara wa gawayi kuɗi, ka kuma buɗe wa wani ƙofar cin hanci a kan hanya.

Kada kuma mu tashi a nan muna cewa mu wankakku ne. Ba haka addini ya koya mana ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a 2021 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na dajin da ake rasawa a duniya, faɗaɗa noma da kiwo ne sanadinsa. Mu ma muna ciki. Wanda yake riƙe da injin nan, ba Bature ba ne, saurayi ne sa'anku, wataƙila ma sahu ɗaya kuke Sallah. Akwai wanda ba yunwa ce ta sa shi ya sayar da bishiyar gado ba, waya yake so ya canza. Akwai mai feshin maganin ciyawa da yake bi ta kan kowane tsiro, bai bar ɗan gawo ba, bai bar 'yar ɗorawa ba, shi ya sa in kun lura duk ɗorawar da ke gonakinmu tsofaffi ne, babu 'yan baya. Ɗorawa kuwa sai ta doshi shekara goma kafin ta fara haihuwa, kaɗanya ta fi haka. Akwai wanda ya nome burtali, makiyayi ya rasa hanya da ciyawa, ya hau gawo ya yi masa aski. Akwai mai kuɗin birni da ya karɓi hayar gona shekara biyu, ya sa tarakta ta tumɓuke duk wani kututture, don shi ba zai ga amfanin abin da zai tsiro ba.

To me Musulunci ya ce? Da farko dai bai wulaƙanta mai itace ba. Hadisi ya inganta a Buhari cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya rufa wa kansa asiri, ya fi masa alheri a kan roƙo. Saboda haka ba mu yarda a mai da mai neman halaliyarsa mai laifi ba. Sannan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. A Muwaɗɗa kuma, wadda muke karantawa a zaurukanmu, Sayyidina Abubakar (RA) da zai tura runduna Sham, cikin wasiyyar da ya yi wa kwamandanta har da hana sare bishiya mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. To ina ga gonar ubanka a zaman lafiya?

Amma abin da na fi so ku tafi da shi, shi ne yadda Sayyidina Umar (RA) ya tsare hurumi. Ya keɓe makiyaya saboda dabbobin baitulmali, ya sa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da ita. Wato dai ga gandun hukuma, ga malamin daji. To wane umurni ya ba shi? Ya umurce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan ya bar su su shiga, amma ya hana dabbobin Abdurrahman bin Auf da na Usman bin Affan, manyan attajiran Sahabbai. Hujjarsa ita ce, su waɗannan in dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka mutu, wurin Halifa zai kwaso 'ya'yansa ya zo yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Allahu Akbar! Ku auna wannan da abin da muke gani. A wurin Umar, rauninka shi ne takardar izininka. A tsarin da muke ciki, mai mota goma ne yake da takarda, tsohuwa mai ɗaurin kirare ita ake tsarewa a hanya.

Wani zai ce wannan ai zamanin Sahabbai ne. To bari mu tsallaka nan Maraɗi, Hausawa 'yan uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba. Su ma dokar da suka gada daga Faransa ta mai da bishiya ta hukuma, har ta cikin gonarka, in ka taɓa ta a ci ka tara. Saboda haka manomi in ya ga tsiro sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa ma'aikatan daji. Aka yi ta kashe kuɗi ana dashe, yana mutuwa. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mu jin kunya, ya lura cewa 'yan kalgo da sabara da gezar da ake sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, bishiyoyi ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa, tofo take yi ana kashewa. Ba a buƙatar dashe, ba a buƙatar ban ruwa. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka yi don su sami tsaba. Da aka daina rabon, mafi yawa suka sare abinsu. Kun ga dai, ciki ne gaba. Amma waɗanda suka bari suka ga ga itacen girki a gona, ga abincin dabba, ga iska ta daina binne shuka da rairayi, ga gero ya ƙaru. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da hannun hukuma ya sassauta a shekarun 1990, aka kuma sake dokar daji a 2004, manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, sai abin ya bazu har Damagaram, wajen su Matamaye da Magarya. Masu binciken da suka auna da hotunan sama sun ƙiyasta fili hekta miliyan 5, bishiya wajen miliyan 200. Ba gwamnati ce ta dasa ba, ba Bankin Duniya ba ne. Talakawa ne da adda, ranar da suka tabbata cewa abin da suka raina ba za a ƙwace ba.

Mu nan ruwanmu ya fi nasu, ga madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, ga Challawa a Ƙaraye. Me ya hana mu?

Saboda haka 'yan uwa matasa, ni ban zo in ce ku je ku karɓo irin dashe ku yi hoto ba. Ku ne kuke sharar gona, ba iyayenku ba. Bana in an zo sassabe, kututturen da ka ga ya yi tofo, kada ka daddatse shi duka. Ka zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa, ka cire sauran, ka rage musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayinsu da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma don mai huɗa da mai feshi su gani. In kana feshi ka ga ɗan gawo ko 'yar ɗorawa, ka kifa masa tsohon kwano ka wuce. Amma ka yi shawara da mahaifinka tukuna, kada ka je ka ce masa an faɗa a wajen taro, ya ce gonar ta taro ce? Ka roƙe shi gefe guda ka gwada, in ya gani da idonsa shi zai ce ka ƙara.

Sai abin da ya fi wannan nauyi, wanda mutum ɗaya ba zai iya ba. Mun ce bishiya tana faɗuwa ne a tsakiyar damina, ranar da maigida ya rasa mafita. To a tare ta a wannan rana. Kowace unguwa da muke da 'yan uwa, in kaka ta yi a tara abin da ya sawwaƙa, tiya biyu, tiya biyar, dami guda, a sami rumbu a ajiye a hannun amintattu mutum uku, a rubuta. Ba zakka nake nufi ba, ita tana da masu ita kuma ba a jinkirta ta. Wannan taimakon juna ne. In Yuli ta yi, duk wanda aka ji yana cinikin bishiyarsa saboda awo ko magani, a je masa cikin sirri a ba shi rance, tiya a mayar da tiya, ba ƙari. Kuma kada wani ya ce to mun riƙe bishiyar jingina, mu za mu riƙa cin kalwar. A'a, rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne, kalwa ta matar gidan ce. In kuma ɗayanku zai ba da gona haya ko aro, a faɗa a gaban shaidu cewa itatuwa ba sa cikin ciniki. 'Yan uwanmu masu sana'ar itace da gawayi, ba mu ce ku bari ku zauna ba, amma mai 'ya'ya dai a ƙyale ta, kuma in maraya ne ko gwauruwa ke da ita, ku sani kuna sayen abincinsu na shekara ashirin ne da kuɗin mako biyu.

Abin da ya rage na kurmi ko makiyaya a garuruwanmu kuwa, ku san iyakarsa, ku tambayi dattawa tun suna raye, ku rubuta. Ranar da kuka ga an zo da ma'auni ana kafa duwatsu, ku tara masu unguwanni da Limamai da Ardo a je a tambaya cikin ladabi, wa aka ba, da wane dalili? Tambaya ba laifi ba ce.

An miƙo mani takarda cewa lokacin La'asar ya gabato. Akwai wani dattijo a nan kusa da ya ba mu aron gonarsa don a nuna yadda ake wannan sassabe a aikace, masu shirya zama za su sanar da rana kafin a fara shara. Za a haɗu ne bayan Sallar Asuba. Kowa ya zo da wuƙa ko adda mai kaifi, da tsumman da zai ɗaura.